Birnin Gwari: Da Dogon Gilashi a Bakin Dajin Kamuku

Hanyar Birnin Gwari tana farawa ne daga Mando a cikin Kaduna, ta miƙa yamma kimanin kilomita 120. Za a ratsa Buruku, a wuce Udawa, gonakin masara hagu da dama, har inda gonaki za su fara ja da baya, itatuwa su matso bakin kwalta. Titin bai ƙare a Birnin Gwari ba. Ya zarce Tegina a Jihar Neja, kuma shi ne tsohuwar hanyar da manyan motoci ke bi daga Arewa zuwa Legas. Wani reshen ya ɓalle daga garin ya nufi Funtuwa a Jihar Katsina. Ƙaramar hukumar tana iyaka da jihohi uku, Zamfara da Katsina da Neja, shi ya sa garin ya daɗe yana zaman mahaɗar matafiya da 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi.

Mun san da yawanku, 'yan uwa ɗalibai, ba ku cika jin sunan garin nan ba sai a labaran tashin hankali. Gaskiya ne yankin ya sha wuya. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun yi shekaru suna fakewa a dazuzzukan da ke kewaye, an rasa rayuka, an bar gonaki, makarantu da dama sun zauna ba ɗalibai. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin bayan wani sulhu da aka ƙulla, ya sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe. Tun daga nan hanya ta ɗan samu sauƙi, amma har yanzu mai hankali ba ya kama ta sai da rana, kuma sai ya tambayi mutanen gari halin da ake ciki.

Mu 'yan ƙungiyar ɗaukar hoto ta makarantarmu mun je ne a ƙarshen damina, tare da malaminmu na Fiziks. Kayanmu ba su da yawa: kyamara ɗaya, dogon gilashi ɗaya irin mai janyo nesa, da wata 'yar jaka ta kayan haɗi. Abin da muke son gwadawa shi ne, gilashin da aka ƙera don hango abin da ke can nesa, me zai iya nuna mana a wurin da ba a iya yin nisa?

Dajin da ke bayan gari

Dajin da ya sa aka san Birnin Gwari tun kafin rigingimu shi ne Kamuku. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e, sannan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya shiga sahun gandayen daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Sunan kuwa na ƙabilar Kamuku ne, waɗanda su da Gwarawa suke cikin daɗaɗɗun mazauna yankin.

Doka ce sarauniyar itatuwan wannan daji, sai maje da kawo da taura da kirya da baushe, ga kaɗanya da ɗorawa waɗanda manomi ba ya sarewa ko da ya share gona. Masu binciken tsuntsaye sun lissafa aƙalla nau'i 177 a cikinsa, har da burtu da tuje, waɗanda suka yi ƙaranci a sauran sassan ƙasar nan. An san dajin da giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da jan biri. Akwai kuma wurare uku da ba a zancen Kamuku ba a ambace su ba: Dogon Ruwa, inda ruwa ke kwararowa daga kan duwatsu, Goron Dutse, wani ƙaton dutse da ke tsaye shi kaɗai, da Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu da rema ke zaune a tsakaninsu. Rema 'yar dabba ce da ba ta wuce girman zomo sosai ba, amma masana halittu sun gano cewa giwa tana cikin danginta na kusa.

Duk waɗannan wurare ba mu taka su ba. Dattawan da muka gaisa da su sun ce mu tsaya a gonaki da fadamun da ke kusa da gari, kada mu wuce inda manoma ke zuwa su dawo a yini ɗaya. Muka bi maganarsu. Wani dattijo manomi, wanda mai unguwa ya haɗa mu da shi, shi ya zama jagoranmu. Da ya ga tsawon gilashin da ke wuyan ɗaya daga cikinmu sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, in giwa yaran nan suka zo nema, ai sun makara." Malam ya ce, "Baba, abin da giwa ke takawa muka zo gani."

Me ya sa dogon gilashi?

Masu sana'ar hoto suna kiran irin wannan gilashi telefoto. Namu mai zuƙowa ne daga milimita 70 zuwa 300. Wannan lamba ita ce tsawon fokas ɗin da kuke karantawa a darasin haske: gwargwadon girmanta, gwargwadon yadda abu ke matsowa ya cika hoto. Da shi ake ɗaukar ɗan ƙwallo daga gefen fili, ko tsuntsu a kan reshe.

Amma yana da iyaka. Idan ka matsa kusa da abu fiye da kima, gilashin ya daina saitawa, hoton ya zama dishi-dishi. Namu ba ya saita abin da bai kai nisan kimanin mita ɗaya da rabi ba. A wannan nisa, hoton da ke sauka a kan sensa, wato ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, kashi ɗaya ne cikin huɗu na ainihin girman abin. Sensar kyamararmu faɗinta bai cika milimita 24 ba, don haka mafi ƙanƙantar abin da zai cika mana hoto shi ne mai faɗin santimita 9 zuwa 10. Wannan ya isa ga ƙadangare ko babban fure, amma bai isa ga idon fara ba.

Akwai gilashi na musamman da aka ƙera don ƙananan abubuwa, ana ce masa makro, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙungiyar makaranta. Dabarar ita ce a ƙara wa dogon gilashin da ake da shi wasu kayan haɗi masu sauƙin kuɗi, su sa ya iya saita abu a kusa. Ribar da ke ciki biyu ce. Ta farko, kana samun hoton kusa alhali kai kana ɗan nesa, ƙwaro bai tsorata ya tashi ba, kai ma ba ka kai fuskarka inda rina za ta same ka ba. Ta biyu, dogon gilashi ɗan siririn wuri yake kallo, don haka ciyayi da karmamin da ke bayan abin da kake ɗauka sai su narke su zama launi ɗaya mai laushi, abin ya fito shi kaɗai raɗau.

Kayan haɗi uku

Na farko shi ne zoben ƙari. Zobe ne kawai, ba gilashi ko ɗaya a cikinsa, ana ɗaura shi tsakanin jikin kyamara da gilashi. Aikinsa ya nisanta gilashin daga sensa, kuma kun san ƙa'idar: idan abu ya matso kusa da gilashi, hotonsa ja da baya yake yi, don haka yana buƙatar ƙarin fili a baya. An fi sayar da zoben uku a haɗe, mai milimita 12 da mai 20 da mai 36, ana iya ɗaura ɗaya ko a jera su. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba tsawon zoben da tsawon fokas, abin da ya fito shi ne ƙarin girman da aka samu. Zobe mai 36 a kan milimita 100 zai ƙara 0.36, amma a kan milimita 300 abin da zai ƙara 0.12 ne kacal. Ke nan zobe ya fi tasiri idan an rage zuƙowa. Yana kuma cin haske: idan hoto ya kai rabin ainihin girman abu, hasken da ake buƙata ya ɗan haura ninki biyu, idan ya kai girman abin daidai, ninki huɗu ne. Sannan muddin zoben yana ɗaure, gilashin ba zai saita abin da ke nesa ba.

Na biyu shi ne tabaran kusa, wanda ake murɗawa a gaban gilashi. Kun ga tabaran karatu da tsofaffi ke saya a kasuwa, an rubuta +1.5 ko +2 a jikinsa? To ma'auni ɗaya ne, ana ce masa dayofta. A raba mita ɗaya da lambar, sai a samu tsawon fokas ɗinsa: mai +2 santimita 50 ne, mai +4 santimita 25. Idan ka ɗaura mai +2 ka bar gilashin a saitin nesa, duk abin da ke santimita 50 daga gabansa zai fito tar. Girman hoton kuwa, a raba tsawon fokas ɗin dogon gilashin da na tabaran: 300 a raba da 500 ya ba da 0.6. A kyamararmu, abu mai faɗin santimita 4 ya cika hoto ke nan. Ku lura, shi wannan akasin zobe ne, gwargwadon tsawon gilashi gwargwadon tasirinsa, kuma ba ya rage haske. Akwai mai gilashi ɗaya mai araha, wanda kan bar wani baƙi-baƙin launi a gefen abubuwa, akwai mai gilashi biyu a manne wanda ya fi tsabta. Kafin a saya a duba lambar faɗin bakin gilashi da ke rubuce a gabansa, misali 58 ko 67, don a samu wanda zai hau.

Na uku shi ne gilashin ninki. Shi ma tsakanin kyamara da gilashi ake sa shi, amma shi yana da gilasai a ciki. Mai 1.4 zai mayar da milimita 300 ya zama 420, mai 2 zai mayar da shi 600, nisan da gilashin ke saitawa kuma bai canja ba. Sai dai mai 1.4 yana cinye rabin haske, mai 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu, kuma ba kowane gilashi ke karɓarsa ba. Namu da ma ƙofar haskensa ba ta da faɗi, don haka wannan ba mu ɗauko shi ba.

Bayan waɗannan mun riƙe sandar kyamara mai ƙafa uku, da farin kwali, da wani farin ɗankwali mai shara-shara, da 'yar rula ta cikin akwatin lissafi.

Safiya a bakin fadama

Da sassafe, bayan rana ta ɗan ɗaga, Baba ya kai mu wata fadama da ke bayan gonarsa. Ya sa kowa ya tura ƙafar wandonsa cikin takalmi, kuma ya hana mu taka ciyawar da bai fara kaɗawa da sanda ba. Wannan lokaci shi ne mafi kyau ga mai neman ƙwari. Jikinsu da ɗumin rana yake motsi, don haka da sanyin safiya sukan zauna shiru a kan ganye, raɓa a fukafukansu. Iska ma ba ta taso ba tukuna.

Yanar gizo-gizo muka fara da ita, don ba ta gudu. Ta ratsa tsakanin karan gamba biyu, kowane zare ɗauke da ɗigon raɓa a jere kamar tsakiya a wuyan amarya. Da tabarau mai +2 muka ɗauka, nan kuma muka ga abin da Malam ya daɗe yana faɗa a aji: a hoton kusa, wurin da ke fitowa tar siriri ne ƙwarai. Idan hoto ya kai rabin girman abu, ko an matse ƙofar haske zuwa lamba 11, kaurin wurin da ke cikin saiti bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, duk abin da ke gaba ko baya da haka ya dushe. Maganin shi ne a daidaita kyamara ta fuskanci yanar sosai, ba a karkace ba, yadda dukkan zaren za su kasance nisa ɗaya da gilashi.

Daga nan sai mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu da ke shawagi a kan ruwa. Ba a bin sa, don ya fi ka sauri. Amma yana da wata ɗabi'a: yakan zaɓi tsinke ɗaya, ya tashi ya kamo abincinsa ya dawo kan tsinken. Sai muka kafa sanda mai ƙafa uku, muka ɗaura zobe mai 36, muka saita kan tsinken da hannu, muka zauna muka jira. Bayan ɗan lokaci ya dawo, ja wur da shi. A hoton ana ganin jijiyoyin fiffikensa kamar saƙar taru, da manyan idanunsa da suka kusa cinye kan gaba ɗaya. Kowane ido na manyan mazari yana ɗauke da ƙananan idanu da kan kai dubu 30. 'Ya'yansa a cikin ruwa suke girma, kuma tsutsar sauro tana cikin abincinsu.

A gefen ruwan, inda shanu suka tattake taɓo, malam-buɗe-littafi sun taru gungu suna tsotsar laka. Gishirin da ke cikin ƙasar suke nema. Su ba su yarda a matso su ba ko kaɗan, don haka muka cire komai muka yi aiki da gilashin kaɗai daga mita biyu, sannan a hankali aka ƙara ƙaramin zobe mai 12. Abin da ke maƙale wa mutum a yatsa kamar hoda idan ya kama malam-buɗe-littafi, ashe ƙananan ɓawo ne a jere bisa juna kamar jinkar ɗaki.

Da rana ta yi sama, matsaloli biyu suka taso. Iska ta fara kaɗa ciyawa, kuma a hoton kusa ɗan motsi kaɗan babban motsi ne. Muka ɗaga saurin ƙiftawar kyamara zuwa kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, muna jiran iska ta lafa kafin mu latsa. Idan abin ba mai motsi ba ne, sai mu sa kyamara ta jira daƙiƙa biyu ta ɗauka da kanta, don ko taɓin yatsa girgiza ta yake yi. Sai kuma kaifin rana, mai sa gefe ɗaya ya yi fari fat, ɗayan ya yi baƙi ƙirin. Nan ɗankwalin ya yi aiki: mutum biyu su shimfiɗa shi a sama ya tace rana, wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske cikin inuwa.

Abin da muka samu a gonar masara

Birnin Gwari ƙasar masara ce, kuma a gonar Baba ne muka gane cewa wannan aiki ya wuce neman hoto mai kyau. A wani ɓangare da ya shuka a makare, ganyen masarar duk ya yi huji-huji, a cikin kunnenta kuma akwai wani abu kamar dusar katako. Ya ɓare ɗaya ya fito da tsutsa, ya ɗora a kan ganye. Muka ajiye rula a gefenta, muka ɗauka da tabarau mai +2.

Da aka buɗa hoton, alamu biyu suka fito ƙarara. A goshinta akwai farin zane kamar harafin Y da aka kifa, a kusa da ƙarshen jikinta kuma ɗigo huɗu baƙaƙe sun yi murabba'i. Waɗannan su ne alamun tsutsar nan mai cinye masara wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, aka fara ganinta a Najeriya a 2016, daga baya ta bazu kusan ko'ina a Afirka. Ido kan iya rikita ta da wasu tsutsotsin, musamman tana ƙarama. Hoto mai kyau da aka tura wa malamin gona ta waya zai sa ya san da wa ake faɗa, manomi kuma ba zai zubar da kuɗinsa a maganin da bai dace ba. Baba ya ce a tura wa ɗansa hoton a waya, ya nuna wa sauran manoma.

A gonar muka ɗauki gemun masara. Kowane zare ɗaya na gemun yana tafiya ne zuwa ƙwaya ɗaya a jikin goyon, kuma sai garin furen da ke saman kara ya sauka a kansa kafin ƙwayar ta cika. Masara iska ce ke yi mata wannan aiki. Amma kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna dogara, ko da kaɗan ne, ga ƙwari da sauran halittu wajen ɗaukar garin fure. Kaɗanyar da ke tsaye a tsakiyar gonar tana cikinsu, ƙudan zuma na cikin masu yi mata hidima idan ta yi fure da rani. Ɗorawa kuwa, jemagu ne ke ziyartar jajayen furanninta masu reto da dare, ƙudan zuma su biyo baya da safe. Ke nan man kaɗe da daddawar da ke cikin miyarmu suna da alaƙa da waɗannan ƙananan halittu da ba mai kulawa da su.

Amfanin tazara

A hanyarmu ta komawa muka tsaya a wani suri da ya fi mutum tsawo. Ruwan sama ya ɓantare gefensa, zago masu manyan kawuna sun fito sun yi cirko-cirko suna gadi, ma'aikata suna ta liƙe ɓarakar da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Irin wannan gara noma take yi a cikin gidanta, tana shuka wani nau'in naman kaza a kan ciyawar da ta tauna, da shi take narkar da abincinta. Daga santimita 50 muka ɗauke su, ba wanda ya ciji kowa.

Haka muka yi da gidan rina a ƙarƙashin reshen taura, da kunamar da Baba ya tono da bakin fartanya: cire tabarau, sa zobe, tsaya a nisan da ya haura mita ɗaya. Amma ya kafa mana doka a kan maciji, ya ce ko da gilashin ya kai tsawon gora, in an gani a ja da baya kawai. Yana da gaskiya. Kububuwa, wadda launinta ke sajewa da ƙasa da busasshen ganye, ita ce macijin da ya fi hallaka manoma a irin wannan yanki na ƙasarmu. Ba a ɗaga dutse ko gungume da hannu, ba a tura hannu a rami.

Hawainiya ce ta ba mu hoton da muka fi so. Tana kan reshen wata 'yar doka mai sabon ganye ja, tana tafiyarta ta ƙasaita, ido ɗaya yana kallonmu ɗayan yana can wani wajen. Ba mu taɓa ta ba, ba mu sauya mata reshe ba. Ƙa'idarmu ita ce a bar kowace halitta yadda aka same ta, ba a kama ƙwaro a kashe don ya tsaya, ba a karya reshe don ya tare hoto.

Ladabin mai kyamara a Birnin Gwari

Dogon gilashi abu ne mai jan ido, kuma a garin da ya ga abin da Birnin Gwari ta gani, baƙon da ke auna wani dogon baƙin abu daga nesa dole a yi masa kallon tuhuma. Saboda haka duk mai niyyar zuwa ya riƙe waɗannan. A fara gabatar da kai ga masu gari, domin masarauta ce mai tsari, tun daga fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, har zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni. A ɗauki takardar makaranta. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro ko motocinsu. Kada a ɗauki mutum, ko gidansa, ko garkensa, sai da izininsa, kasancewar gilashi yana iya zuƙo fuska daga nesa bai ba ka ikon yin haka ba. Shiga gandun Kamuku kansa kuwa sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta, kuma sai lokacin da suka ce hanya ta yi kyau.

Kayan ma suna son kulawa. Duk sanda aka cire gilashi don sa zobe, cikin kyamara a buɗe yake, don haka a juya wa iska baya, a kifa bakin kyamarar ƙasa, a yi sauri. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma danshi, wanda kan sa gilashi ya yi fumfuna idan aka kulle shi a jaka yana jiƙe.

Ku ma ku gwada

Wani zai ce makarantarsu ba ta da kyamara. Wayar hannu ma tana yi. Akwai ɗan gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya, kuma ko gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwajen makaranta, idan aka riƙe shi daf da kyamarar, aikin tabaran kusa yake yi. Bambancin kawai shi ne dole a matsa kusa sosai, don haka a bar masu harbi da masu cizo. Sauran ƙa'idojin duk ɗaya ne: a fita da sassafe, a kafe hannu a jikin wani abu, a saita kan ido, a ajiye rula ko tsinken ashana a gefe don a san girma.

Mafi muhimmanci, kowane hoto ya samu layi a littafi: rana, wuri, itacen ko ciyawar da aka samu abin a kai, da sunansa. Ku tambayi tsofaffi sunan da Hausa, in akwai mai jin Gwari ko Kamuku ko Fulatanci ku rubuta nasa ma. Baba ya ba mu sunayen ciyayi da ƙwari da yawa waɗanda ko ɗaya daga cikinmu bai taɓa ji ba, ya kuma nuna mana inda kirya da maje suka taɓa yin duhu, yanzu sai kututture, don an sare an yi gawayi. Idan itace ya tafi, ƙwarin da ke rayuwa a kansa sun tafi, sunansu ma ya bi su idan ba a rubuta ba. Akwai manhajoji irin su iNaturalist da ake ɗora irin waɗannan hotuna, masana daga ƙasashe daban-daban su taimaka wajen gano nau'in, bayanan kuma su shiga hannun masu bincike.

Ga 'yan uwanmu ɗaliban Birnin Gwari da Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi, wannan aiki ya fi kusa da ku fiye da kowa. Shekarun da aka yi ana rigima sun sa masu bincike sun ƙaurace wa dajin, ku kuwa kullum kuna bakinsa. Hotunan da muka kawo guda talatin muka zaɓa muka wanke, suna manne a allon sanarwa na makarantarmu, kowanne da sunansa da ranar da aka ɗauke shi. Muna shirin komawa da bazara, lokacin da ɗorawa ke fure, idan Allah ya kai mu kuma hanya ta ba da dama. Duk ƙungiyar makarantar da ta ɗauki nata a bayan garinsu, ta aiko wa wannan shafi, mu ga abin da ke zaune a ciyawarku.